Kishi, Hassada da Ƙyashi a Madubin Harshen Cek

Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa tsayawa a gaban ƴan makaranta a Tajaye, ko Illela, ko Malbaza, ko Birnin Ƙonni, aka tambaye shi yadda ake cewa kishi da Faransanci, amsar da za ta fara zuwa bakinsa ita ce jalousie. In ya buɗe ƙamus ma, abin da zai fara tararwa ke nan. Sai dai da zarar wani ɗalibi mai kaifin basira ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to kishin ƙasa fa?", amsar takan wargaje, domin babu Bafaranshen da zai kira son ƙasarsa jalousie. Haka nan in aka zo kan kishiya, ƙamus zai ce coépouse, kalmar da ba ta ɗauke da zafi ko kaɗan, alhali Bahaushe ya gina sunan matar ne a kan zafin da ke tsakaninta da ƴar'uwar zamanta.

Wannan matsala ta ƙara nauyi tun daga watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Tun 1973, da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, malamai ke fama da fassarar kalmomin zuci daga wannan harshe zuwa wancan. Yawan auna Hausa da ma'aunin Faransanci kaɗai ya sa ana ganin duk inda harsunan biyu suka saɓa kamar Hausa ce ta gaza. Hanya ɗaya ta fita daga wannan tarko ita ce a nemo harshe na uku wanda bai taɓa mulkin Bahaushe ba, a kafa shi a matsayin madubi. Harshen Cek, na tsakiyar Turai, mai masu magana kimanin miliyan 10, ya dace da wannan aiki. Ba baƙo ba ne ƙwarai ga nazarin Hausa, domin masanin harsunan Afirka Petr Zima ya wallafa littafi kan nahawun Hausa a birnin Prag a 1972. Abin da ya fi muhimmanci kuma shi ne yadda harshen ya rarraba wannan fage na zuciya zuwa kalmomi da dama, kowace da iyakarta.

Zuriyar kishi a Hausa

Kafin a leƙa gidan wani, ya kamata a san ɗakunan gidan kai. Hausa tana da aƙalla kalmomi uku da masu fassara kan cakuɗa: kishi, da hassada, da ƙyashi. Hassada ararriya ce daga Larabci, kuma ta shigo da hukuncinta na addini: ita ce burin ni'imar da ke hannun wani ta gushe, ko da mai burin ba zai samu kome ba. Ayar ƙarshe ta Suratul Falaƙi neman tsari ce daga sharrin mai ita, shi ya sa babu wanda ke alfahari da ita, kuma masu iya magana suka yanke mata hukunci da cewa hassada ga mai rabo taki ce. Ƙyashi ya ɗan fi ta sauƙi, amma ɗan ɗakinsu ne: shi ne ƙuncin da mutum ke ji in ya ga alheri ya sauka a kan wani, ko in ya zama dole ya miƙa wa wani abin da ya cancanta. Baƙin ciki, a ma'anarsa ta "yana baƙin ciki da ni", yana yawo tsakanin waɗannan biyu.

Kishi dabam yake da su, domin shi kaɗai ne ake iya yabon mutum da shi. Ana cewa wane mai kishin ƙasa ne, mai kishin addini, mai kishin harshensa, mai kishin zuci. Ana zagin namiji da cewa ba shi da kishi. Malaman addini kan fassara kalmar Larabci ta gira da kishi, su ware ta daga hassada, su ce akwai kishin da ake so da wanda ake ƙi. Abin da ya haɗa duk waɗannan ma'anoni shi ne haƙƙi. Mai kishi yana ganin yana da rabo a cikin wani abu, ko mutum, ko ƙasa, kuma yana tsoron a rage masa rabon ko a wulaƙanta shi. Mai hassada kuwa ba shi da rabo a abin da yake hange, kuma ya san ba shi da shi.

Nahawun kalmar ma ya nuna haka. In aka ce "tana kishin mijinta", ana nufin abin da take karewa. In aka ce "tana kishi da amarya", ana nufin wadda take takara da ita. Ƙaramin harafin nan na mallaka da kalmar "da" su ne ke raba abin ƙauna da abokin gaba. Daga wannan saiwa ce kishiya ta fito, da jam'inta kishiyoyi. A gefenta akwai faccala, matar ɗan'uwan miji, da mowa da bora, da ƴan'ubanci, wato kishin da ya gangara daga uwaye mata zuwa ƴaƴansu. Al'ada ba ta musun wannan zafi. Kayan faɗar kishiya, waɗanda miji kan saya wa uwargida in zai ƙara aure, shaida ce cewa al'umma ta yarda an taɓa wani abu nata, kuma ya kamata a rarrashe ta. Rabon kwana da na girki tsari ne na auna haƙƙi daidai. Har ma lafazin "abokiyar zama", da yadda amarya kan kira uwargida Yaya, dabaru ne na sanyaya sunan da kowa ya san yana da ƙuna.

Yadda harshen Cek ya raba fagen

Kalmar da ƙamus zai fara bayarwa a harshen Cek ita ce žárlivost. Harafinta na farko ana furta shi kamar yadda mutanen Adar ke furta "j" a cikin "jiya". Masana asalin kalmomi sun danganta ta da žár, wato zafin garwashi ko ƙunar wuta. Wannan ita ce kishin masoya da na ma'aurata, da na yaron da aka yi wa ƙane. Mutum uku take buƙata: mai kishi, da wanda ake so, da mai kutse. Aikatau ɗinta, žárlit, yana tafiya da ƙaramar kalma guda, na, ko ana nufin mijin ko ana nufin matar da ke neman ƙwace shi. A nan Hausa ta fi harshen Cek tantancewa, domin ta raba "kishin wane" da "kishi da wane", shi kuwa ya bar mai sauraro ya gane daga yanayin magana.

Ta biyu ita ce závist, wadda ta yi daidai da hassada. Ta fito daga aikatau závidět, wanda ke ɗauke da vidět, wato gani. Haka abin yake a Latin, inda invidia, kakar envie ta Faransanci, ta fito daga aikatau mai ma'anar gani. Turawan nan sun sa cutar a cikin ido. Bahaushe ya san wannan, tunda yana cewa an sa masa ido, amma ya ƙara da baki: kambun baka da maganin baki sun nuna cewa a wurinsa yabon da ba a haɗa da "tubarkalla" ba yana iya yin ɓarnar da kallo ke yi. Závist mutum biyu take buƙata da abu ɗaya: ana yi wa wane hassadar gonarsa ko dokinsa. Mutanen Cek sukan yi wa kansu ba'a da labarin mutumin da aka ce ya roƙi abin da yake so, maimakon ya roƙi akuya sai ya roƙi akuyar maƙwabcinsa ta mutu. Duk Bahaushen da ya ji wannan zai gane shi ba tare da tafinta ba.

Ta uku, nepřejícnost, ita ce ta fi kusa da ƙyashi. An gina ta daga přát, yi wa mutum fatan alheri, aka sa mata harafin korewa a gaba: halin wanda ba ya iya taya wani murna. Ta huɗu, řevnivost, takara ce mai ɗaci tsakanin tsara ko ƴan gida ɗaya, kusan abin da Hausa ke kira ƴan'ubanci. Ta biyar kuma, horlivost, ita ce himma mai zafi a kan aƙida ko aiki, kuma tana da dangantaka da hořet, wato ci da wuta. A nan ne kishin addini da kishin harshe za su sauka in an fassara su. Son ƙasa kuwa yana da tasa kalmar dabam, vlastenectví.

Abin lura shi ne žárlivost da horlivost duka daga wuta suka fito, sannan harshen ya raba su gida biyu. A harshen Polan, maƙwabcin Cek kuma ɗan'uwansa, kalmar da ta fito daga saiwar žár himma take nufi. Faransanci ma haka ya yi: jalousie da zèle duka jikokin kalmar Girka ce guda, zelos. Ashe abin da ɗalibin Tajaye ya gano da tambayarsa tsohon al'amari ne. Harsuna da yawa sun fara da kalma ɗaya mai nufin zafin kare abin da ake ƙauna, daga baya wasunsu suka tsaga ta. Hausa ta riƙe ta a dunƙule. Wannan ba ya nufin asalin kalma shi ne ma'anarta ta yau, domin Bacek ɗin da ke cewa žárlivost ba ya tunanin garwashi. Amma ya isa ya nuna cewa faɗin kishi ba rauni ba ne a Hausa.

Akwai kuma wurin da harshen Cek ya yi shiru. Ba shi da kalmar yau da kullum ta kishiya, domin dokar ƙasar ba ta san auren mace fiye da ɗaya ba. Abin da yake da shi shi ne sokyně, abokiyar takara, wadda a al'adarsu mai kutse ce daga waje, ba ta da ɗaki a gidan, ba ta da kwana. Mai fassarar da ya mai da kishiya sokyně ya sauya labarin gaba ɗaya, domin kishiya matar aure ce da aka biya sadakinta, mai haƙƙi daidai da na wadda ta tarar.

Wuƙar Laca

Adabin Cek yana da misali guda da ya cancanci a karanta shi da idon Bahaushe. A 1890 marubuciya Gabriela Preissová ta fitar da wasan kwaikwayo mai suna Její pastorkyňa, wato agolarta, wanda ya gudana a wani ƙauye na yankin Morabiya. Mawaƙi Leoš Janáček, wanda ake furta sunansa Yanacek, ya mai da shi wasan kwaikwayo na waƙa, irin wanda Turawa ke kira opera, aka fara nuna shi a birnin Burno ranar 21 ga Janairu 1904. Duniya ta fi saninsa da sunan jarumarsa, Jenůfa. Tun tsakanin 1894 da 1895 ya tsara wani kiɗa da ya yi niyyar buɗe wasan da shi, ya sa masa suna Žárlivost, daga baya ya cire shi, aka riƙa kaɗa shi shi kaɗai.

Labarin na ƴan'uwa biyu ne da suka haɗa uwa. Števa shi ne ɗan gata, magajin gidan niƙa na dangi, kuma shi Jenůfa ke so, har tana ɗauke da cikinsa a ɓoye. Laca yana aiki a gidan niƙan kamar bara, yana son yarinyar, ita kuwa ba ta kula shi. Da ya ji cewa abin da Števa ke yabo a jikinta shi ne kyan kumatunta, sai ya tsaga mata kunci da wuƙa. Števa ya guje ta. Matar ubanta, don gudun abin kunya, ta jefa jaririn a ƙarƙashin ƙanƙarar rafi. Gawar ta bayyana ranar da za a ɗaura auren Jenůfa da Laca, matar ta amsa laifinta, Laca kuma ya tsaya tare da yarinyar da ya lalata wa fuska.

Janáček ya sa wa kiɗan buɗe wasan suna kishi, amma in aka auna aikin Laca da ma'aunin Hausa, sunan bai zauna daidai ba. Laca ba shi da alkawari da Jenůfa, ba a ba shi ita ba, ba ta ce tana sonsa ba. Ba shi da rabon da zai kare. Abin da ke cinsa ya fara ne tun daga gādo da fifikon da kakar gidan ta nuna wa ɗan'uwansa, wato ƴan'ubanci, ko da yake uwa suka haɗa. Wuƙar kuma aikin hassada ta yi: tunda ba zai samu kyan ba, to ya gushe daga hannun mai shi. Akuyar maƙwabci ce ta mutu, sai dai a nan akuyar fuskar mutum ce. Darasin da ke ciki ga mai nazari shi ne kalmar kishi, a kowane harshe, tana iya zama mayafi mai kyau da ake lulluɓa wa mugun aiki, musamman in namiji ne ya aikata, domin tana sa mai sauraro ya ji kamar so ne ya yi yawa.

Rabi da Gaika

A adabin Hausa mayafin yakan yi aiki ta ɗaya fuskar. Littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a Kano a 1990, kuma Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012, ana yawan gabatar da shi a matsayin labarin kishi tsakanin uwargida da amarya. Wannan karatu ne na sama-sama. Rabi, matar Alhaji Abdu ɗan kasuwa, tana da ƴaƴa tara, kuma tun kafin a kawo Delu mijin yake ƙuntata mata a kan cefane, alhali yana kashe kuɗinsa a waje. Da rikici ya tashi tsakanin matan biyu, Rabi ce aka saka, aka kore ta da ƴaƴanta. Da sana'ar sayar da abinci ta riƙe su, har ta aurar da ɗiyarta Saudatu. Sai bayan gobara ta cinye dukiyar Alhaji, Delu ta watsar da shi, aka dawo ana matsa wa Rabi ta koma ta kula da shi.

Abin da marubuciyar ta yi da gwaninta shi ne ta bar mai karatu ya ƙirga. Kuɗin cefane nawa ne, bakuna nawa ne za su ci, wa ya biya kuɗin makaranta. Kukan Rabi kukan ci da sha da sutura ne, abubuwan da shari'a ta ɗora wa miji. In aka kira wannan kuka kishi, an ɗauke laifin daga kan mai rabo an ɗora shi a kan halin mata. A nan ne ya kamata a yi wa karin maganar nan ta "kishi kumallon mata" tambayoyi. Kumallo ciwo ne da ke tasowa daga cikin mutum, ba wanda ya jawo masa shi, maganinsa kuma ya amayar ya huta. Karin maganar tana koya wa namiji cewa ƙorafin matarsa lalura ce ta jikinta da za ta wuce, ba ƙara ba ce da ke buƙatar a saurara. Aya ta 3 da ta 129 na Suratun Nisa'i kuwa a kan mijin suka ɗora nauyin adalci. Inda littafin ya yi rauni shi ne wajen Delu, wadda aka zana da baƙin fenti tun daga farko har ƙarshe, ta yadda mai karatu zai iya rufe littafin yana ganin muguwar mace ce ta rusa gidan, ya manta da wanda ya buɗe mata ƙofa.

Ba kowane kishin mace ne ƙarar neman haƙƙi ba, kuma sinimar Nijar ta nuna haka tun da wuri. Fim ɗin Umaru Ganda, Le Wazzou polygame, wanda ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu a 1972, labarin wani Alhaji ne da ya dawo daga Makka ya nemi auren Satu a matsayin mata ta uku, alhali an riga an yi wa saurayi Garba alkawarinta. Matarsa ta biyu, Gaika, ta ƙudura kashe amaryar a daren biki, sai aka yi kuskure aka kashe ɗaya daga cikin ƙawayenta. Gaika tana da rabon da ake shirin ragewa, don haka zafinta kishi ne na gaskiya a farkonsa. Amma ta juya shi kan yarinyar da ita ma tilasta mata aka yi, ta bar wanda ya ƙulla al'amarin da kuɗinsa da rawaninsa. Fim ɗin da harshen Zabarmanci aka yi shi, amma kowane gidan Hausa zai gane tsarinsa: kishi yakan gangara ƙasa, wajen wanda ya fi rauni, domin hawa sama yana da tsada.

Wadda ba a ba ta sunan kishiya ba

A yankin da Tajaye take, tsakanin Ƙonni da Illela da Madawa, wannan gangara tana da matakin ƙarshe. Wahaya, wadda wasu ke kira mata ta biyar, yarinya ce da ake saya daga zuriyar da ake ɗauka bayi, a kai ta gidan mai mata huɗu ko ƙasa da haka, ba ɗaurin aure, ba sadaki, ba rabon kwana. Dokar Nijar ta 2003 ta mai da bauta laifi mai hukuncin ɗauri. Ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991, tare da Anti-Slavery International, sun fitar da rahoto a 2012 a kan wannan al'ada, Galy Kadir Abdelkader da Moussa Zangaou suka rubuta shi, kuma jihar Tawa ce cibiyar bincikensu. Matan da suka ba da labarinsu a ciki sun yi maganar aikin da ba ya ƙarewa, da wulaƙancin da sukan sha a hannun matan aure na gidan.

Shari'ar da ta fito da al'amarin fili ita ce ta Hadijatu Mani. An sayar da ita a 1996, tana da shekara 12, a kan jika 240 na sefa. A 2005 ubangidanta ya ba ta takardar ƴanci, amma ya ce har yanzu matarsa ce. Da ta auri wanda take so, ya kai ƙara, kotu a Ƙonni ta yanke mata ɗaurin wata 6 bisa laifin aure a kan aure. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ƙungiyar CEDEAO, wadda Nijar ke cikinta a lokacin, ta yanke hukuncin cewa bauta aka yi da ita, kuma hukuma ta gaza kare ta, ta umarci a biya ta diyyar miliyan 10 na sefa.

In aka karanta wannan shari'a da kalmomin da aka tantance a sama, abubuwa biyu za su fito. Na farko, mutumin da ya kai ƙara ya yi shigar miji mai kishin matarsa, kuma kotun farko ta karɓi shigar. Abin da yake karewa kuwa mallaka ce irin ta dukiya, wadda doka ta riga ta haramta. Na biyu, ita wahaya harshe bai ba ta damar yin kishi ba. Kishiya, duk da ɗacin sunan, muƙami ne: mai shi tana da ɗaki, da kwana, da gādo, tana iya yin yaji, danginta su zo a yi biko. Wahaya tana karɓar zafin kishin matan gida ba tare da tana da rabon da za ta yi kishi a kansa ba. Mai fassarar da ya rubuta cinquième épouse, ko ya ce mata ta biyar ba tare da bayani ba, ya ba ta a takarda matsayin da aka hana ta a tsakar gida, ya kuma taya masu al'adar ɓoye ainihinta.

Kammalawa

Malamin da ke son koyar da wannan fage ba ya buƙatar ya iya harshen Cek. Abin da zai ɗauka daga madubin shi ne al'adar tambaya kafin fassara. In kalmar kishi ta fito a tatsuniyar ɗiyar bora da ɗiyar mowa, ko a waƙar amada, ko a littafin soyayya na Kano, ko a wasan kwaikwayon da samariya za ta nuna a dandali, sai a tambayi ɗalibai abu uku: mene ne rabon da ake karewa, shin mai kishin yana da haƙƙi a kansa, kuma wane ne mai rabawa. Amsar farko za ta nuna ko jalousie ce ta dace ko zèle ko patriotisme. Ta biyu za ta raba kishi da hassada da ƙyashi, kamar yadda ta raba Rabi da Laca. Ta uku ita ce adabi ya fi yawan tsallakewa, domin mai rabawa galibi shi ne mai gida, kuma labarin ya fi daɗin ji in an bar mata biyu suna faɗa a tsakar gida shi yana zaure.

Ƙungiyoyin al'adu na Adar da ƙasar Ƙonni suna da aikin da babu mai yi musu shi. Bernard Caron ya bayyana nahawun Hausar Adar a littafinsa na 1991, amma karin maganar kishi da habaicin kishiyoyi da waƙoƙin niƙa da daɓe na wannan yanki suna nan a bakin tsofaffin mata, kuma maƙwabtaka da masu jin Tamajak ta sa akwai kalmomin da za a iya jerawa gefe da gefe, kamar yadda aka jera na Cek a nan. Ƙamusun da za a rubuta wa makarantu nan gaba ya kamata shigar kishi a cikinsa ta ƙunshi "kishin wane" da "kishi da wane" kowanne da misalinsa, ta tura mai karatu zuwa hassada da ƙyashi da ƴan'ubanci, kuma a ƙarƙashin wahaya a rubuta a sarari cewa dokar 2003 ta haramta abin da kalmar ke nufi.